Karayar Haƙarƙari Ba Ta Son Ɗauri

Duk inda matasa ke taruwa don atisayen kokawa ko judo a Jos, ko a filin wasa na Rwang Pam ne ko a wani fegi cikin unguwa, akwai wata magana da kusan kowa ya yarda da ita. Idan aka kayar da yaro ya bugu a awaza, ya miƙe yana dafe da gefen ƙirji yana jan numfashi da ƙyar, abin da za ka fara ji shi ne: "A samo rawani a ɗaure shi tamau, kar ƙashin ya motsa." Idan ya isa gida, uwa za ta ƙara da cewa ya kwanta kada ya tashi sai ƙashi ya kama. Washegari a nemi mai ɗori ya taɓa wurin, ya shafa man shanu, ya sake naɗewa fiye da na jiya. Duk masu ba da wannan shawara masoyan yaron ne, kuma neman sauƙi suke yi masa. Sai dai, tare da girmamawa gare su, ɗaure ƙirji bayan raunin haƙarƙari ba ya sa ƙashi saurin haɗewa, kuma yakan jawo ciwon da ya fi karayar haɗari.

Adalci shi ne a fara da abin da masu wannan ra'ayi suka yi daidai a kansa. Ɗori sana'a ce ta gado mai daraja a ƙasar Hausa, kuma tushenta gaskiya ne: ƙashin hannu ko na ƙafa idan ya karye, yana buƙatar a daidaita shi a hana shi motsi. Abin da mai ɗori ke nema da karare, shi likita ke nema da filasta. Haka nan wanda aka ɗaure wa ƙirji yakan ji sauƙi nan take, ba ƙarya yake yi ba, domin wurin da ke masa zafi ya rage motsi. Kai, su kansu likitocin asibiti sun daɗe suna manna wa masu irin wannan rauni filasta mai faɗi daga ƙashin baya zuwa tsakiyar ƙirji, wasu kuma su ɗaura musu ɗamara. Sun daina ne da suka lura cewa marasa lafiyar nasu na komowa da zazzaɓi da ciwon huhu. Saboda haka wanda ya ce a ɗaure ba jahilci ya yi ba, ya riƙe tsohon ilimi ne da aka riga aka gyara.

Dalilin gyaran yana cikin yadda aka halicci ƙirji. Haƙarƙarin mutum ƙashi 24 ne, 12 ta dama 12 ta hagu, dukkansu sun taso daga ƙashin baya. Bakwai na sama a kowane ɓangare sun zagayo sun haɗu da ƙashin tsakiyar ƙirji ta hanyar guringuntsi. Uku da ke ƙasa da su kowanne ya rataya a guringuntsin na samansa, biyu na ƙarshe kuwa bakinsu a sake yake cikin tsoka. Tsakanin kowane ƙashi da maƙwabcinsa akwai tsoka da ta riƙe su, shi ya sa idan guda ya tsage ko ya karye, na sama da na ƙasa sukan tallafe shi a mazauninsa ba tare da an sa masa kara ba. Kuma aikin wannan ƙashi motsi ne. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, wato kusan sau 20,000 a yini da dare, kuma kowane numfashi sai haƙarƙari ya ɗaga ya sauka. Hannu ana iya rataye shi wata guda ya huta. Ƙirji ba shi da ranar hutu.

Ƙirji kamar zugazugin maƙeri yake: in ka ɗaure bakin fatar ka hana ta buɗewa, iska ba ta isa wuta. Mai raunin haƙarƙari dama tun kafin a taɓa shi ya fara taƙaita numfashi saboda zafi, yana shaƙa kaɗan-kaɗan, yana danne tari. Idan aka zo aka naɗe shi da rawani, ƙasan huhu ya daina buɗewa sosai. Ƙananan jakunkunan iska da ke can ƙasa sai su lanƙwashe su manne, majina ta taru ba ta da hanyar fita, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. Bayan 'yan kwanaki sai zazzaɓi, sai kaki mai ruwan ɗorawa ko kore, sai haki. Wannan ita ce nimoniya, kuma ita ce babban abin da likitoci ke tsoro a karayar haƙarƙari, fiye da karayar kanta. Kwanciya wuri ɗaya yini guda, wadda ake ba da shawararta tare da ɗaurin, ƙara wa wannan matsala ƙarfi take yi.

A Jos kuma akwai ƙarin dalili. Garin yana kan tudu sama da mita 1,200 daga gaɓar teku, inda iskar da mutum ke shaƙa a numfashi ɗaya ta gaza ta Legas da kusan kashi 13 cikin 100. Mai lafiya ba ya ko lura da wannan, amma wanda aka taƙaita wa numfashi ba shi da rarar da zai yi asara. Ga kuma hunturun Disamba da Janairu, lokacin da ƙura ke tashi, mura da tari su game gari, mutane su rufe ƙofa da taga su kunna gawayi a kasko don jin ɗumi. Ka ɗauki saurayi a Unguwar Rogo ko Gangare da aka buge ranar Asabar. Daren Litinin yana kwance a ɗaki mai hayaƙin gawayi, ƙirji a naɗe, ga mura ta kama shi. Atishawa ta taso, ya toshe hanci ya danne ta don ya san abin da zai ji. Tari ya zo, ya haɗiye. Yana son juyawa, sai ya riƙe bakin gado ya juya jikinsa gaba ɗaya kamar itace. Duk abin da huhunsa ke buƙata a daren nan, ɗauri da tsoro sun hana shi.

Ya kamata kuma a san cewa ba duk ciwon awaza ne karaya ba. A kokawa, raunin yakan zo ne lokacin kaye, idan mutum ya faɗi a kan gwiwar hannunsa, ko abokin karawa ya faɗo masa da dukkan nauyinsa. A judo da sauran wasannin da ake ci gaba da fafatawa a ƙasa, yakan zo ne idan an danne mutum ta gefe shi kuma ya murɗa jiki da ƙarfi don ya kuɓuce, sai ya ji wani abu ya yi ƙas a ƙasan ƙirji. Wani lokaci tsoka ce ta yage, wani lokaci ƙashi ne ya bugu ko ya tsage, sau da yawa kuma guringuntsi ne ya rabu da ƙashi a mahaɗarsu. Ƙashin da ya karye yakan haɗe cikin kamar mako shida. Guringuntsi kuwa jini ba ya isa gare shi sosai, don haka yakan ɗauki wata biyu zuwa uku, kuma yakan bar ɗan ƙulli da ba ya ɓacewa. A cikin waɗannan duka babu wanda ɗauri ke gaggauta warkewarsa. Murza wurin da ƙarfi ko danna shi don a "mayar da ƙashi" ya fi ɗaurin muni, domin bakin karyayyen ƙashi kaifi gare shi, huhu kuma yana nan daf da bayansa.

To me za a yi? Abu na farko a kashe zafin, don mutum ya iya numfashi. Shan maganin ciwo a nan ba ragwanci ba ne, shi ne ginshiƙin jinyar. Farasitamol yana taimakawa, amma kada babba ya wuce ƙwaya 8 ta miligiram 500 a awa 24. Irin su ibufurofen suna da amfani, sai dai mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya nisance su sai da izinin likita. A kwana biyu ko uku na farko a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora a wurin na minti 15 zuwa 20, ko da kuwa sanyin Jos zai sa mutum ƙyashin haka. Gashi da ruwan ɗumi sai daga baya, kuma a hankali, ba da matsa ba. Abu na biyu, kowace awa mutum ya zauna ya ja dogon numfashi sau goma, sannu a hankali, har ya ji ƙasan ƙirjinsa ya buɗe. Idan tari ya zo, ya rungume matashin kai a gefen da ke ciwo ya yi tarinsa, kakin ya fita. Wannan riƙo na ɗan lokaci shi ne kaɗai tallafin da ƙirji ke so. Daren farko-farko ya kwana a jingine. Da rana ya tashi ya zaga tsakar gida, ya taka zuwa bakin titi. Ya bar taba, ya fitar da kaskon gawayi daga ɗaki. Idan ruku'u da sujada sun gagara, addini ya yi wa majinyaci rangwamen yin salla a zaune.

A guji maganin hana tari, musamman mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigowa da shi tun watan Mayun 2018 amma har yau ana samunsa a ɓoye. Tarin nan da ake son kashewa shi ke share huhu.

Akwai kuma alamomin da idan an gan su, maganar jinya a gida ta ƙare. Numfashi yana ƙara wuya maimakon sauƙi. Tari da jini. Zazzaɓi da kaki mai launi. Wani sashe na ƙirji yana lotsawa ciki lokacin da sauran ke ɗagawa. Ciwon ciki, jiri, gumi mai sanyi, ko ciwo a kan kafaɗar hagu bayan bugu a ƙasan haƙarƙarin hagu, domin saifa tana nan ƙarƙashi, kuma takan fashe ta yi ta zubar da jini a ciki alhali waje babu ko ƙwarzane. Ta dama hanta ce, ta baya kuma ƙoda, don haka jini a fitsari ma alama ce. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, a sa shi a mota ko keke zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ko Asibitin Jankwano, ko duk asibitin da ya fi kusa, a daren ba sai gari ya waye ba. Illar rawani a nan biyu ce: ya takura numfashi, ya kuma rufe ƙirjin da ya kamata a riƙa dubawa.

Wani zai ce, ai wane an ɗaure shi kuma ya warke garau, har ya koma fili. Gaskiya ne, kuma irinsa suna da yawa. Saurayi mai ƙarfi da ƙashi ɗaya ya tsage zai warke cikin mako shida, an ɗaure shi ko ba a ɗaure ba. Jikinsa ne ya yi aikin, rawani ya karɓi yabo. Waɗanda abin ya juye musu kuwa ba a lissafa su a kan ɗaurin, sai a ce sanyi ne ya shige su. Wani kuma zai ce ya je asibiti an ɗauki hoto an ce ba a ga komai ba, an ba shi ƙwayoyi kawai, to ina amfanin zuwan? Hoton ƙirji na yau da kullum yakan kasa nuna ƙaramar tsaga, guringuntsi kuwa ba ya fitowa a cikinsa. Abin da likita ke nema a hoton shi ne ko iska ko jini sun taru a gefen huhu. In ya ce babu, ya ba ka labarin da ya fi kowanne muhimmanci.

Saura maganar komawa fili, inda ɗaurin ke yin wata ɓarnar. Da yawa sukan ɗaure ƙirji ne don su iya komawa atisaye bayan mako guda, wasu har su haɗa da tiramadol, saboda gasa ta matso ko don kada a ce sun ji tsoro. Ɗamara ba ta tare nauyin ƙato idan ya faɗo maka. Ƙashin da ya fara haɗewa sai ya sake buɗewa, jinyar mako shida ta koma ta wata uku. Sannu ba ta hana zuwa. A fara da tafiya, sannan gudu marar tsanani, sannan maimaita dabaru da abokin da ya san da raunin kuma ba zai danne ba. Kokawa ta sosai sai ranar da mutum zai iya cika ƙirjinsa da iska, ya yi tari, ya yi atishawa, ya murɗa jiki dama da hagu, ya kwana a kan gefen, duk ba tare da zafi ba.

Roƙona ga iyayenmu masu ɗori shi ne, idan aka kawo muku mai ciwon awaza, ku duba numfashinsa kafin ƙashinsa, ku bar ƙirjin a sake, wanda kuka ga alamarsa ba ta yi muku ba ku tura shi asibiti. Maganarku ta fi ta kowa shiga kunnen mutane, kuma sanin abin da ba a ɗaurewa yana cikin gwanintar ɗori. Masu horarwa kuma su ne yaran nan ke jin kunyarsu. Idan koci ya ce wa yaro a gaban 'yan'uwansa, "Kai da fili sai bayan mako shida, kuma kullum ka zo ka zauna ka kalla," ya sauke masa nauyin nuna jarumta, ya kuma tsare wa kansa ɗan wasan da zai yi masa shekaru yana kaye.