Ruwan Jiya da Zafin Yau

A Garbadu da kewayen Talata Mafara, zafi ya fi tsananta ne a bazara, cikin Afrilu da Mayu, bayan ƙasa ta shafe kusan wata shida ba ta sha ruwa ba. Wannan bushewar ce ke ƙara wa rana kaifi. In ƙasa na da danshi, yawancin ƙarfin rana kan tafi ne wajen mayar da ruwan tururi. In ta bushe ƙayau, sai ya koma gasa turɓaya da iskar da ke samanta. Shi ya sa mai ban ruwa a gonakin madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, kan samu sassauci da tsakar rana fiye da mai sharar gonar tudu a Maradun.

Wani zai ce ai bayan ruwan farko ne ake kwana juyi cikin gumi. Gaskiyarsa, amma ma'aunin zafi sauka yake yi. Laimar iska ce ke hana zufa bushewa, abin da ke galabaitar da tsofaffi da jarirai. Yayyafin da bai ratsa ƙasa ba kuwa, kwana biyu ya ƙafe, zafin ya dawo yadda yake.