Manajan Ma'aikata: Kujerar da Ke Tsakanin Mai Kamfani da Lebura

A watan Yunin 2020 'yan sanda suka shiga wani kamfanin casar shinkafa a Kano, suka fito da ma'aikata fiye da 100 waɗanda suka ce an hana su fita tun da aka sa dokar kulle saboda annobar korona. A nan suke aiki, a nan suke kwana. Jama'a sun yi ta Allah-wadai da masu kamfanin, amma ba a cika tambayar inda manajan kula da ma'aikata yake ba, alhali hana irin wannan ɓarna na cikin dalilan da suka sa ake ajiye shi.

A yankunan masana'antu irin su Bompai da Sharaɗa da Challawa, yawancin leburori sun san ofishinsa ne a matsayin inda ake karɓar takardar ɗaukar aiki ko ta sallama. Aikin ya wuce nan nesa. Masana'anta ba kamar banki ba ce da ake kullewa da yamma. Injin yana juyawa dare da rana, ana karɓa-karɓa. Manajan ne ke zama da foman-foman su tsara wa zai yi safe, wa zai yi dare, nawa ne kuɗin obataim, yaya za a fita sallar Juma'a ba tare da an kashe tukunyar tururi ba, yaya za a sassauta wa masu aiki a bakin wuta idan azumi ya faɗo cikin zafin bazara. Waɗannan ba a cika samun su a littafin makaranta ba, amma daga nan rigima kan taso.

Sai kuma doka, wadda ita ce ƙashin bayan aikin. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata 3. Ta ba mai juna biyu hutun haihuwa na mako 12. Ta ce wanda ya shekara 5 yana aiki, sai an ba shi notis na wata guda kafin a sallame shi. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa kamfani zuba kashi 10 cikin 100 na albashi, ma'aikaci kuma kashi 8. Dokar biyan diyya ta 2010 ta sa kamfani ya riƙa biyan hukumar NSITF kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi, domin ranar da injin ya cinye wa wani yatsu. Ga mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Manajan da bai riƙe waɗannan a ka ba, wata rana zai tsinci kamfaninsa a gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Wurin da aikin ya fi ɗaci shi ne ranar rage ma'aikata. Doka ta ce a sanar da ƙungiyar ƙwadago dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, kuma a bisa ƙa'ida wanda ya zo ƙarshe shi ake fara sallama. Mutanen Kakuri a Kaduna sun san abin da ke biyo baya idan aka yi sakaci. Masaƙar KTL da ke can, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, tsofaffin ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na giratuti, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. Ba manajan ma'aikata ne ya durƙusar da masaƙar ba, tsadar wuta da kwararowar atamfar waje sun yi nasu. Sai dai tanadin kuɗin sallama tun kamfani na da ƙarfi, magana ce da ya kamata ta fito daga bakinsa.

To wa ya cancanci kujerar? A takarda, kamfanoni kan nemi digiri ko babbar difloma a fannin gudanar da ma'aikata, dangantakar ƙwadago, harkokin kasuwanci ko ilimin zamantakewa, tare da shaidar zama mamba a cibiyar manajojin ma'aikata ta CIPM, wadda aka kafa a 1968, gwamnati kuma ta ba ta hurumin tsara wannan sana'a a 1992. Yanzu an ƙara da iya sarrafa manhajar albashi a kwamfuta.

Takarda kaɗai ba ta isa ba. Ana buƙatar wanda zai sa hular kwano da takalmin kariya ya shiga cikin ƙura da ƙarar injina, ya san wace na'ura ce ba ta da murfi, wace ƙofar gudun gobara aka jibge wa buhuna. A Kano, inda masana'antu da dama na 'yan Labanon ne ko Indiyawa ko Sinawa, sau da yawa shi ne tafinta tsakanin maigida da lebura. Kuma albashinsa daga aljihun maigidan yake fitowa, don haka ce masa "wannan ya saɓa doka" na buƙatar ƙarfin hali da ba kowa ke da shi ba.

Babbar jarrabawar wannan zamani ita ce ma'aikatan wucin gadi. Kamfanoni da yawa sun koma ɗaukar leburori ta hannun 'yan kwangila, mutum ya shekara da shekaru a bakin injin ɗaya babu takarda, babu fansho, babu damar shiga ƙungiya. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta daɗe tana yaƙar wannan tsari, har da zaman dirshan a ƙofofin kamfanoni. Idan irin wannan lebura ya ji rauni, kamfani kan ce na ɗan kwangila ne, ɗan kwangila ya ce a cikin kamfani abin ya faru, kuma duk takardun da za su raba gardamar a ofishin manajan ma'aikata ake neman su.