Ruwa Mai Kama da Madara a Cikin Ƙirji: Ɓarnar da Tarin Fuka Kan Bari

Tun shekarar 1882 Robert Koch na ƙasar Jamus ya gano ƙwayar cutar tarin fuka, wato tibi, amma har yau cutar ba ta rabu da ƙasar Hausa ba. Abin da jama'a ba su cika sani ba shi ne, takan bar ɓarna a ƙirji ko bayan tari ya lafa.

Kowane huhu yana lulluɓe da tantani ninki biyu, kuma tsakaninsu akwai ɗan ruwa kaɗan mai hana su gogar juna. In tibi ya kama tantanin, sai ruwa ya taru. In aka bar shi shekara da shekaru, sau da yawa fiye da 5, tantanin kan yi kauri ya taurare, ruwan ya rasa mafita. Ƙwayoyin jinin da suka maƙale a ciki sukan ruɓe su saki maiƙon da likitoci ke kira kolestarol, har ruwan ya yi fari kamar madara. Wannan larura ba a cika samunta ba, kuma ban da tibi, amosanin gaɓɓai ma kan haddasa ta.

Dole a bambanta ta da wani farin ruwan, wanda ke zuba in jijiyar da ke ɗauko kitsen abinci daga hanji ta fashe, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Likita kan ɗauki hoton ƙirji, ya zuƙo ruwan da allura, ya duba ko akwai ƙyalƙyalin kolestarol a madubin likita. In ƙwayar tibi na da sauran rai, sai a koma kan magani. In haki ya tsananta, a janye ruwan, wani lokaci ma a yi tiyata a ɓare tantanin.

Saboda haka, manomin Tursa ko Wurno ko Rabah ko Goronyo da ya yi tari a da, yanzu kuma haki ya hana shi riƙe fartanya, kada a ce tsufa ne ko sammu. A kai shi asibiti, in ta kama har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Maganin tibi kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma wata 6 ake shan sa ba fashi. Hakkin ɗalibai da ma'aikata ne su isar da wannan bayani ƙauyukansu.