Ja, Ruwan Ƙasa Ko Kore: Yadda Launi Ke Yanke Wa Tsohon Kwabo Daraja

A shekarar 1958, shekara guda bayan samun 'yancin kai, Ghana ta ajiye kuɗin Afirka ta Yamma na Turawan mulkin mallaka ta buga nata. Cikin sulallan da suka fito akwai kwabo da ɗari, wato rabin kwabo, na tagulla, gefe guda da kan Kwame Nkrumah, ɗaya gefen da tauraro. Dukkansu sun bar ma'aikata da launi ɗaya, ja mai sheƙi. Yau kuwa in aka zazzage gwangwanin ajiyar wata tsohuwa a Zangon Kumasi, a gindin fadar Manhyia, ko a Aboabo da Asawase, da wuya a tsinci biyu masu kama ɗaya. Wani ya koma ruwan ƙasa, wani baƙi ƙirin, wani da ɗigon kore a gefe. A wajen masu tara tsofaffin kuɗi, wannan bambancin launi shi ne rabin ciniki.

Kwabon Nkrumah ba shi kaɗai ake tararwa a irin wannan ajiya ba. Akwai kwabo da ɗari da anini masu huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida, waɗanda aka fara bugawa tun 1907, ɗarin kuma tun 1911, kafin hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912 ta ci gaba da su. Shekaru da yawa farare ne, sai a 1952 aka mayar da su na tagulla. Akwai kuma rabin pesewa da pesewa ɗaya na 1967 masu hoton ganguna, waɗanda suka zo tare da sabon sidi bayan an hamɓarar da Nkrumah a 1966. Pesewa ɗaya na 2007 ma ja ne a ido, amma baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, shi ya sa mayen ƙarfe ke kama shi.

Tagullar da ake buga kwabo da ita kusan duk jan ƙarfe ce, wajen kashi 95 cikin 100 ko fiye, sai ɗan kuza da tutiya. Jan ƙarfe kuwa ba ya zama lafiya da iska. Tun ranar da aka buga kwabo, iskar da muke shaƙa take fara haɗuwa da fuskarsa, tana shimfiɗa masa wata fata siririya. Da farko fatar ba ta da kauri, haske na ratsa ta ya dawo, shi ya sa ake ganin wani kwabon da walƙiyar shuɗi ko shunayya in an karkata shi. Tana ƙara kauri ja yana dushewa, har ya koma ruwan ƙasa. In akwai farar wuta a kusa, daga hayaƙin mota ko roba ko wasu irin takardu, sai abin ya yi sauri ya karkata zuwa baƙi. Zufar hannu ma tana da nata aikin. Yatsa ɗaya da aka ɗora a kan jan kwabo na iya barin zanensa har abada, don gishirin zufa na cin ƙarfen.

Manyan kamfanonin tantance sulalla na Amurka, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, suna auna lafiyar kwabo da ma'auni daga 1 zuwa 70. William Sheldon ne ya fito da ma'aunin a 1949, kuma tsofaffin kwabban jan ƙarfe na Amurka ya yi wa shi tun asali. Bayan lambar sai su ƙara haruffa biyu na launi: RD ga wanda ya riƙe jansa, RB ga mai sirkin ja da ruwan ƙasa, BN ga wanda ya rine gaba ɗaya. A PCGS sai kwabo ya riƙe kashi 95 cikin 100 na jansa na asali kafin a ba shi RD. Kwabbai biyu masu shekara ɗaya da lamba ɗaya, haruffan nan kaɗai na iya sa ɗaya ya ninka ɗaya kuɗi a wajen gwanjo.

Sai dai ba kowane mai tarawa ke bin ja ba. Masu son ja suna neman kwabo kamar yadda ya fito daga ma'aikata, kuma suna biya ne saboda ƙarancinsa. Wasu kuma, musamman masu tara kwabban farko na Amurka da Ingila, sun fi son ruwan ƙasa mai santsi wanda ya bi ko'ina daidai. Hujjarsu mai ƙarfi ce: ja ba ya tabbata, yana iya juyawa ko a cikin rufaffen akwatin roba, har kamfanonin tantancewa sun taƙaita lamunin da suke bayarwa a kan launinsa, alhali ruwan ƙasa ya riga ya zauna. Rukuni na uku su ne masu tara kuɗin Rumawa na da, waɗanda suka kwana ƙarni da yawa a cikin ƙasa. Su kam kore mai tauri da santsi suke nema, in an kankare shi sun fasa saye.

A nan ne yanayin Kumasi ya shigo. Garin na tsakiyar kurmi, damina biyu yake yi a shekara, laima kuma ba ta barin ɗaki sai ɗan lokacin hunturu. Kwabon da zai daɗe da sauran ja a Kano ko Maraɗi, a Kumasi ba ya ɗaukar lokaci yake rinewa. Gidajen masu sana'ar goro sun fi kowa sanin wannan. Goro sai da danshi, ana yayyafa wa huhun goro ruwa ana sauya ganye, ɗakin kullum a jiƙe. Abin da ke raya goro shi ke kashe jan kwabo. Saboda haka duk wanda aka kawo wa kwabon 1958 ja wur, aka ce masa daga ƙarƙashin gadon kaka ya fito, ya kamata ya sake dubawa.

Dalili kuwa, al'adarmu ta gida ita ce goge tagulla. Tasa da tire da buta, in sun dushe sai a samo tsamiya ko lemon tsami da toka a dirje su har su ɗauki ido, ko a sa Brasso. Wannan daidai ne ga kayan jere, amma ga kwabo garin neman gira ne a rasa ido. Tsami na cinye fatar da shekaru suka gina, toka na barin ƙananan karce. Sakamakon ba ja na asali ba ne, wani kodaɗɗen ruwan hoda ne da gwani ke ganewa daga nesa. Jan asali yana da sheƙi mai zagayawa in an juya kwabon a gaban fitila, saboda siraran layukan da matsin inji ya bari a jikin ƙarfen. In an dirje su sun tafi ke nan. Kamfanonin tantancewa ba sa ba gogaggen kwabo lamba, sai dai su rubuta an wanke shi, farashi kuma ya faɗi.

Akwai kuma kishiyar wannan. Da yake an san masu saye na son alamar tsufa, wasu kan turara sabon ƙarfe ko su shafa masa sinadari ya yi duhu. Masu sayen ƙananan ma'aunan tagulla da Asantawa ke auna garin zinariya da su a da sun daɗe da sanin wannan dabara. Rinin gaske yakan fi duhu a lungunan rubutu, ya yi haske a tudun da hannu ke shafa. Na jabu yakan kwanta a sama kamar fenti.

Kore ma iri biyu ne, kuma rarrabe su ya fi komai muhimmanci ga mai ajiya. Mai tauri da ya manne ba ya cutarwa, kariya ce. Mai haske da ke fitowa kamar gari, yana zuba in an taɓa shi da tsinke, shi ne ciwon tagulla. Gishiri ne ya shige ƙarfen, yana haɗuwa da danshi yana cin sa ta ciki har ya bar ramuka. Irin wannan kwabo a ware shi daga sauran nan take, a sa shi a busasshen wuri.

Ajiyar ba ta da tsada. A riƙe kwabo ta gefe. A ba kowanne mazubinsa, kada su riƙa gugar juna. A guji leda mai laushi mai warin roba, don takan bar kore mai danƙo a kan ƙarfe. A nisanta shi da madafa da hayaƙin gawayi. Ƙananan ƙunshin ƙwayoyi masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, a jefa biyu ko uku cikin gwangwanin, a riƙa sauya su.

Gaskiya ita ce yawancin kwabban da ke gidajen Zango ba za su sa kowa arziki ba, don an buga su da yawa kuma sun sha yawo a kasuwa. Amma kafin a miƙa gwangwanin ga masu sayen tsohon ƙarfe a kan sikeli, ko a ba yara su dirje, a duba shekara, a duba 'yar alamar ma'aikata, H ko KN na Birmingham, sannan a nuna wa wanda ya san harkar. Shi zai fi son ya gan su da launin da aka same su.