Gaskiya ko Jita-jita: Awa Nawa Ne Daga Sakkwato Zuwa Jidda?

Duk shekara idan maniyyatan Talata Mafara, Bakura da Maradun suka kama hanyar Sakkwato, inda alhazan Zamfara suka saba tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar III, sai muhawara ta tashi a majalisu kan tsawon tafiyar. Kowa da nasa lissafin, kuma yawancinsu abin da idonsu ya gani suke faɗa.

"Zuwa ya fi dawowa daɗewa"

Nisan ɗaya ne, kusan kilomita 3,700. Babban jirgin fasinja kan yi gudun kilomita 850 ko makamancin haka a awa guda, don haka tafiyar kan ci awa huɗu da rabi zuwa biyar idan hanya a buɗe take. Agogo ne ke rikita mu, domin Saudiyya tana gabanmu da awa 2. Alhajin da ya tashi da ƙarfe 8 na safe zai sauka da ƙarfe 1 na rana a agogon gida, amma wayarsa, wadda ke sauya lokaci da kanta, za ta nuna ƙarfe 3, la'asar ta gabato. Ya ƙirga da yatsu, ya samu awa bakwai. Ranar dawowa kuwa lissafin ya juye, ya samu uku. Ya zo gida ya ba da labari da zuciya ɗaya, mu kuma mu ɗauka, tunda wanda ya je ne ya faɗa. Iskar sama takan ƙara ko ta rage wasu mintoci, amma ba ta kai wannan tazarar ba.

"Jirgi a miƙe yake tafiya, ba ya kwana"

Da yake ba ma ganin titi a sama, muna zaton babu shi. Akwai hanyoyi da aka shata, kuma jirgi ba ya ratsa sararin samaniyar wata ƙasa sai da izininta. Hanyarmu ta gabas ta kan Chadi da Sudan ta saba bi. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe samaniyarta, dole jiragen alhazanmu suka yi kewaye, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, har kamfanonin jiragen suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. Saboda haka idan alhajin 2019 da na 2023 suka yi saɓani kan awoyi, mai yiwuwa dukkansu gaskiya suke faɗa.

"Idan nisa ya ninka, lokaci ma ya ninka"

Sakkwato zuwa Abuja kusan kilomita 500 ne ta sama, ana yin sa cikin kimanin awa guda. Jidda ta ninka wannan nisa fiye da sau bakwai, amma lokacinta bai wuce ninki biyar ba. Dalili kuwa, a gajeriyar tafiya hawa da saukowa, waɗanda ake yi da ƙarancin gudu, su ke cinye kaso mai yawa.

Sannan awoyin tikiti ba su haɗa da tafiyar mota ta sama da kilomita 100 daga Mafara zuwa Sakkwato ba, balle zaman sansanin alhazai da awon kaya. Idan za mu tarbi alhaji ko mu jira kiransa, mu fara tambaya: ƙarfen da aka faɗa, na gida ne ko na Saudiyya?