Tchibarakaten: sawun da ɗan Adam yake bari cikin Sahara

Tun da aka gano zinariya a Tchibarakaten a shekarar 2014, can arewacin jihar Agadas kusa da iyakar Aljeriya, dubban mutane daga Nijar, Najeriya, Cadi da Sudan suka kafa sansani a wurin. Ruwan sha da abinci sai a kamyo ake kawo su daga nesa. Mai karatu zai ɗauka haka Allah ya bar wannan yanki tun fil azal, amma ba haka ba ne.

Masana kimiyya na cewa ɗan Adam irinmu ya bayyana a Afirka shekaru kimanin 300,000 da suka wuce, kuma Sahara ta sha zama kore kafin ta bushe. A shekarar 2000 tawagar Ba'amurke Paul Sereno ta gano kaburbura kusan 200 a Gobero, cikin Tenere. Mutanen farko da suka zauna wurin, shekaru kusan 10,000 baya, masunta ne a bakin tafki, tare da kada da dorina. A Dabus kuwa, tsakanin Agadas da Arlit, har yau akwai raƙumin dawa mai tsawon fiye da mita 5 da magabata suka sassaƙa a jikin dutse.

Bushewar Sahara ba aikin mutum ba ce: damina ce ta ja baya sannu a hankali. Abin da ya sauya yanzu shi ne ƙarfin hannunmu. Itacen Tenere, wanda ya jure fari shi kaɗai, mota ce ta kayar da shi a 1973. Farauta ta ƙarar da jiminar Ayar, kuma UNESCO ta sa gandun Ayar da Tenere cikin jerin wurare masu haɗari a 1992.

A wuraren zinariya kuwa, zaibar da ake tace ƙarfen da ita ba ta ruɓewa. Hayaƙinta na lalata ƙwaƙwalwa da ƙodar mai ƙona ta, ragowarta ta zauna cikin ƙasa. Nijar ta amince da yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba a 2017. Saura aiki: hukumomi da masu ramuka su koya wa matasa tacewa ba da zaiba ba, a kuma rufe ramukan da aka bari.

Mutanen Gobero ƙugiyar kifi da tukwane suka bar mana. Mu me za mu bar wa jikokinmu? Allah ya sa mu gyara.