Kalmar da yaro bai yi aiki da ita ba, gobe ya manta ta

A mafi yawan makarantun firamare na Nijar, yaro yana shiga ajin CI da harshen gidansu, Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, sai ya tarar da darasi cikin Faransanci. Bayan ƴan shekaru yana iya karanta layi sumul, amma in aka tambaye shi abin da layin ke nufi sai ya yi shiru. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a ƙarshen firamare, ɗaliban Nijar da suka kai matsayin da ake so a karatu ba su kai 1 cikin 10 ba. A 2019 sun kai kimanin 3 cikin 10. An ci gaba, amma da sauran aiki.

Ƙarancin kalmomi ba ya tsayawa ga darasin karatu. Yarinyar da ke talla tana ba da canji ba kuskure tana iya faɗuwa a lissafin aji, don kawai ba ta san ma'anar « partager » ko « le reste » ba.

Abin da aka saba shi ne mushe ya rubuta jerin kalmomi a allo, yara su kwafa cikin kaye, su yi ta maimaitawa da ƙarfi. Wannan yana gyara furuci, amma ma'ana ba ta zama. Kalma tana zama ne in yaro ya gane ta, ya sake cin karo da ita a wurare dabam-dabam, ya kuma ƙulla jimla da ita da bakinsa.

Don haka gara kalma biyar da aka yi aiki da su mako guda da ashirin da aka kwafa rana ɗaya. A fara da nuna abin ko kwatanta aikin: in kalmar « verser » ce, a zuba ruwa daga buta yara na kallo. A faɗi ma'anarta da harshen gida, sannan kowane yaro ya yi jimlarsa. Bayan kwana biyu a dawo da ita cikin labari ko lissafi, mako mai zuwa a sake.

Akwai kuma gadar da ke hannunmu. Yaron Maraɗi ko Tawa ya riga ya san kaye, welo da balo, waɗanda Hausarmu ta aro daga « cahier », « vélo » da « ballon ». Ya san wanke, wanki da mawanki dangi ne, saboda haka ba zai sha wuya ba wurin gane « laver », « lavage » da « laveur ».

Amfani da harshen gida a aji ba saɓa doka ba ne. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 kuma ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa.

Iyayen da ba su yi boko ba su ma suna da nasu aiki. Da dare a tambayi yaro: « Wace kalma ka koyo yau? Me take nufi da Hausa? Nuna mani ita cikin gidan nan. » In ya iya bayani, ya riƙe ta. In ya kasa, gobe ya tambayi malaminsa. Tatsuniya, kacici-kacici da hira kan sunayen kayan gona ko na kasuwa suna ƙara masa kalmomi, kuma yaron da ya san abu da harshensa, sunan Faransanci kawai ya rage masa ya koya. Minti goma kowane dare sun isa.